BAYANI: Lissafin tsamin jini, da dalilin da ya sa kwalara ke riga mota isa asibiti a yankin Isa da Sabon Birni

Duk ma'aikacin lafiyar da ya taɓa aiki a lokacin ɓarkewar amai da gudawa ya san wata alama da ke sa gabansa faɗuwa. Majinyaci yana kwance, idanu sun zurma, fata ta yamushe, sai numfashinsa ya sauya. Ya riƙa jan iska da zurfi kuma da sauri, kamar wanda ya sha gudu, alhali ko yatsa ba ya iya ɗagawa. 'Yan uwa sukan ɗauka ciwon ya koma ƙirji. Huhunsa kuwa lafiya lau yake. Jininsa ne ya soma tsami, huhun yana fafutukar ceto shi.

A Kamarawa da sauran ƙauyukan ƙasar Gobir da ke yankin Isa da Sabon Birni, a arewa maso gabashin Jihar Sakkwato, wannan alama tana da nauyi na daban, domin tsakanin majinyaci da ledar ƙarin ruwa akwai hanyar da ba kowa ke iya bin ta da dare ba. A wannan yanki ne 'yan bindiga suka ƙona mota da fasinjojinta a Disamban 2021. A hanyar Sabon Birni aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Bawa, wanda aka kashe a hannun masu garkuwa a Agustan 2024. Wanda gudawa ta kama bayan sallar isha'i, sau da yawa sai ya jira wayewar gari. Kwalara kuwa tana iya gamawa da babban mutum cikin sa'o'i kaɗan.

A shekarar 2021, Hukumar Daƙile Cututtuka ta Nijeriya, NCDC, ta ƙirga mutum sama da 111,000 da ake zaton sun kamu da kwalara, sama da 3,600 daga cikinsu suka rasu, kuma Sakkwato da Zamfara suna cikin jihohin da abin ya fi tsananta. Wato kimanin mutum 3 cikin kowane 100 da suka kamu sun mutu. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne, in ana ba da magani a kan lokaci, bai kamata mace-macen su kai 1 cikin 100 ba. Da an tsaya a kan wannan ma'auni, da kusan mutum 2,500 sun tsira a wannan shekara kaɗai.

Domin a gane yadda ƙunshin gari ɗan mitsitsi yake iya cike wannan giɓi, sai an koma wani darasi da ɗaliban sakandare da yawa suka haddace don jarrabawa suka manta: asid da alkali, lissafin pH, da abin da ke riƙe su a daidai.

Tsamiya da kanwa

Kowace mai girki a ƙasar Hausa ta san ƙarshe biyu na wannan ilimi. A gefe ɗaya akwai tsamiya, lemon tsami, yakuwa da nono. A ɗaya gefen akwai kanwa da ruwan toka. Na farkon su ne masana kimiyyar haɗa sinadarai ke kira asid, na biyun kuma alkali. Kalmar alkali ba ta da dangantaka da alƙalin kotu; daga Larabci ta fito, inda take nufin tokar tsirrai.

Abin da ya raba su shi ne wata ƙwaya ƙanƙanuwa mai ɗauke da caji, ƙwayar haidurojin, wadda ake rubuta ta H⁺. Asid shi ne abin da yake sakin wannan ƙwaya a cikin ruwa. Alkali shi ne abin da yake karɓe ta. Idan aka zuba ruwan kanwa a ruwan tsamiya aka ga yana kumfa, wannan musayar ce ake kallo: kanwar tana karɓar ƙwayoyin da tsamiya ta saki, iskar kabon dayoksaid tana fita. Ko zoɓo ma shaida ne. A ɗiga masa lemon tsami, jan nasa ya ƙara haske. A ɗiga masa ruwan kanwa, ya yi duhu ya juya zuwa shuɗi ko kore.

Asid iri biyu ne. Mai ƙarfi, kamar na batirin mota ko wanda tumbin mutum ke fitarwa, yana sakin ƙwayoyinsa kusan duka nan take. Mai rauni, kamar na nono da lemo, kaɗan yake saki, ya riƙe saura. Kuma sakin ba hanya ɗaya yake bi ba. A kowane lokaci wasu ƙwayoyin suna rabuwa, wasu suna komawa, har saurin fita da na komawa su zo ɗaya. Wannan shi ake kira daidaito. In aka ƙara kaya a gefe guda, sai tsarin ya karkata zuwa ɗaya gefen don ya rage nauyin, kamar yadda Bafaranshen nan Henri Le Chatelier ya bayyana a 1884.

Tsani mai ninki goma

Yawan ƙwayoyin H⁺ a cikin ruwa ƙanƙane ne ƙwarai. A lita ɗaya ta tataccen ruwa, mol 0.0000001 ne kawai; mol kuwa shi ne mudun da ake auna ƙwayoyin sinadarai da shi. Rubuta irin wannan lamba kullum wahala ce. Shi ya sa a 1909 wani masani ɗan ƙasar Denmak, Søren Sørensen, da ke aiki a ɗakin binciken Carlsberg a Kofanhegan, ya kawo gajeriyar hanya: a ƙirga gurabe nawa ne bayan ɗigo. A lambar da ke sama gurabe bakwai ne, don haka pH na tataccen ruwa 7 ne. A harshen lissafi, pH shi ne logaridim na yawan H⁺ da aka juya alamarsa.

Abubuwa biyu ne ke rikita mutane a nan. Na farko, ƙaramar lamba ita ce tsami mai yawa. Ƙasa da 7 asid ne, sama da 7 alkali. Lemon tsami yana wajen 2, tsamiya wajen 3, nono mai tsami tsakanin 4 da 4.5, ruwan kanwa kuma wajen 10. Na biyu, kowane mataki ɗaya ninki goma ne. Ruwa mai pH 5 ya ninka mai pH 6 tsami sau 10, ya ninka mai pH 7 sau 100.

Jinin mai lafiya yana tsakanin 7.35 da 7.45. Idan likita ya ce ya sauka daga 7.4 zuwa 7.1, kunne ba ya jin wani bambanci. A wannan tsani kuwa, saukar 0.3 tana nufin ƙwayoyin H⁺ sun ninka biyu, daga nanomol 40 a lita zuwa kusan 80. In ya kai 6.8 sun ninka huɗu, kuma ba safai jiki ke daɗewa a nan ba. Bugun zuciya yana rauni, jijiyoyin jini suna saki, sinadaran da ke tafiyar da aikin ƙwayoyin jiki suna kasa aiki.

Rumbun da ke cikin jini

Jiki yana samar da asid dare da rana daga ƙona abinci. Abin tambaya shi ne me ya hana jinin yin tsami tun da farko.

Amsar ita ce abin da masana ke kira bafa, wato mariƙi: cakuɗen asid mai rauni da abokin tafiyarsa alkali, waɗanda suke zaune tare a ruwa ɗaya. In asid ya shigo, alkalin ya shanye shi. In alkali ya shigo, asid mai raunin ya saki ƙwayoyi ya tare shi. Aikinsa kamar na rumbu ne a gidan manomi. Da kaka yana karɓar rara, da bazara yana fitarwa, tukunya ba ta ganin bambanci. Amma rumbu yana da gindi. Ranar da aka kwashe damin ƙarshe, yunwar da aka daɗe ana tarewa takan shigo gaba ɗaya.

Babban mariƙin jini shi ne baikabonet, HCO₃⁻, da abokinsa kabon dayoksaid, CO₂, da ke narke a jini. Daidaiton nasu haka yake:

CO₂ + H₂O ⇌ H₂CO₃ ⇌ H⁺ + HCO₃⁻

In H⁺ ya ƙaru, baikabonet ya haɗu da shi, tsarin ya karkata hagu, ya zama ruwa da CO₂, huhu ya fitar da iskar. Lawrence Henderson na Amurka ya tsara lissafin wannan a 1908, daga baya Karl Hasselbalch na Denmak ya mayar da shi kan tsanin pH. Ga siffar da likitoci ke amfani da ita:

pH = 6.1 + log (baikabonet ÷ narkakken CO₂)

A mai lafiya, baikabonet milimol 24 ne a lita, narkakken CO₂ kuma 1.2. Raba 24 da 1.2, a samu 20. Logaridim na 20 shi ne 1.3. Haɗa da 6.1, a samu 7.4. Ke nan rayuwa tana rataye a kan rabon 20 da 1.

Ga gwajin ƙarfin wannan rumbu. A zuba milimol ɗaya na asid mai ƙarfi a lita ɗaya ta tataccen ruwa: pH zai faɗo daga 7 zuwa 3, tsami ya ninka sau 10,000. A zuba daidai wannan a lita ɗaya ta ruwa mai baikabonet irin na jini, huhu yana fitar da iskar da ta ƙaru: baikabonet zai ragu daga 24 zuwa 23, rabon ya zama kusan 19.2, pH ya tashi daga 7.40 ya tsaya a 7.38.

Gaɓoɓi biyu ke kula da lambobin nan biyu. Huhu yana riƙe da ta ƙasa, kuma cikin mintuna yake aiki. Ƙoda tana riƙe da ta sama, tana mayar da baikabonet cikin jini tana zubar da asid a fitsari, amma aikinta yana ɗaukar sa'o'i zuwa kwanaki. Akwai wasu mariƙan a jajayen ƙwayoyin jini da ƙashi, sai dai wannan shi ne na gaba.

Abin da kwalara ke kwashewa

Ruwa ba ya tsami banza, jini ma haka. Ƙwayar kwalara ba ta shiga jini. A ƙaramin hanji take zama, ta saki dafin da ke sa bangon hanjin ya riƙa tsiyayar da gishiri da ruwa. A ciwo mai tsanani, babban mutum yana iya zubar da kusan lita ɗaya a sa'a guda, gudawa fara kamar ruwan wankin shinkafa.

Wannan ruwa ba ruwa ne zalla ba. Yana tafe da sodiyam, da fotasiyam, da baikabonet mai yawa, kimanin milimol 45 a kowace lita ga manya, kusan ninki biyu na abin da ke jini. Mutum mai nauyin kilo 60 yana da baikabonet kusan milimol 300 a jini da ruwan da ke kewaye da ƙwayoyin jikinsa. Lita biyar ta gudawa tana iya tafiya da sama da 200.

Sannan matsala ta haifi 'yar uwarta. Da ruwa ya ƙare, jini ba ya isa ga tsoka yadda ya kamata, sai tsokar ta koma fitar da asid irin na nono, tsami ya ƙaru. Ƙodar da za ta gyara ita ma jini ya daina isa gare ta, fitsari ya tsaya.

A mayar da wannan cikin lissafi. In baikabonet ya faɗo zuwa 12, CO₂ yana nan a 1.2, rabon ya zama 10, logaridim ɗinsa 1, pH ya zama 7.1. Ƙwaƙwalwa tana jin haka sai ta umarci huhu ya ƙara ƙaimi. In numfashi mai zurfi ya sauko da CO₂ zuwa 0.78, rabon ya koma kusan 15.4, pH ya ɗaga zuwa wajen 7.29. Wannan shi ne numfashin da aka ambata a farko, wanda likitan Jamus Adolf Kussmaul ya siffanta a 1874. Huhun yana jinkirta ajali ne kawai, ba ya iya ƙirƙirar baikabonet ko guda. In gudawa ta ci gaba, ko majinyaci ya gaji da jan numfashi, lambar ta ruguje.

An daɗe da gano haka. A annobar kwalara ta 1831 zuwa 1832 a Birtaniya, William O'Shaughnessy ya auna jinin majinyata ya tarar sun rasa ruwa da gishiri da alkali. A 1832 Thomas Latta, likita a Leith ta Sikotilan, ya ɗura wa majinyata ruwan gishiri mai baikabonet ta jijiya. Ledar ƙarin ruwa ta yau jikar wannan gwaji ce.

Me ke cikin ƙunshin?

Ƙunshin da ake kira ruwan gishiri da sukari, ko ORS, ya wuce sunansa. Tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka amince da shi tun 2002 yana ɗauke da abubuwa huɗu a kowace lita: gishiri giram 2.6, gulukos giram 13.5, gishirin fotasiyam giram 1.5, da sitiret na sodiyam giram 2.9.

Gulukos ɗin mabuɗi ne. Akwai wata ƙofa a bangon hanji da ke shigar da sodiyam tare da gulukos, ruwa ya bi bayansu, kuma dafin kwalara bai lalata ta ba. Sitiret kuwa shi ne mai cika rumbu. Giram 2.9 milimol 10 ne, jiki yana sarrafa kowane ɗaya ya ba da baikabonet uku, wato milimol 30 daga kowace lita da majinyaci ya sha. A da baikabonet ɗin kansa ake zubawa, giram 2.5, amma a wuri mai zafi da laima yana cin gulukos, garin ya yi ja ya dunƙule. A 1984 aka ba da shawarar komawa sitiret domin ya fi jure ajiya, abin da ke da muhimmanci a shagon magani na ƙauye inda zafin bazara ke haura digiri 40.

Daga nan abubuwa uku suke fitowa fili. Haɗin gida, wato rabin ƙaramin cokali na gishiri da ƙananan cokula shida na sukari a lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, yana ceton rai kafin a samu ƙunshi, amma ba shi da sitiret, ba shi da fotasiyam. Na biyu, awo ba abin wasa ba ne. Ƙunshin lita ɗaya yana buƙatar lita ɗaya cif, wato leda biyu ta fiya wata mai rabin lita. In aka rage ruwan gishiri ya yi yawa, kuma hakan na iya cutar da yaro. Na uku, kanwa ba ta maye gurbin sitiret. Gaskiya ne tana ɗauke da kabonet da baikabonet na sodiyam, amma ƙarfinta ya bambanta daga dunƙule zuwa dunƙule, tana da gauraye da wasu gishirai da ƙasa, kuma ba wanda ya san adadin da ke cikin ɗan gutsuren da aka jiƙa.

Ga wanda ya riga ya galabaita, ba ya iya sha ko hankalinsa ya soma gushewa, ƙunshi bai isa ba, sai ƙarin ruwa ta jijiya. A nan ma ledoji ba ɗaya ba ne. Wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi so a kwalara ita ce ta Ringer mai laktet, mai ɗauke da kimanin milimol 28 na laktet a lita, wanda hanta ke mayarwa baikabonet. Ledar ruwan gishiri zalla tana cika jijiya amma ba ta mayar da baikabonet ko fotasiyam. Ledar ruwan gulukos zalla kuwa ba ta dace da wannan ciwo ba sam. Wanda ke sayo wa asibitin gwamnati kaya, in bai san wannan bambanci ba, yana iya cika sito da abin da ba shi ake nema ba.

Tsamin ciki da ƙwaryar fura

Lissafin pH yana aiki tun kafin ciwo ya kama. Ƙwayar kwalara tana son alkali. A ɗakin gwaji ma a ruwa mai pH wajen 8.5 ake rainon ta. Tsami kuwa kashe ta yake yi. Tumbin mai lafiya yana tsakanin pH 1.5 da 3.5, shi ne shingen farko. A gwaje-gwajen da aka yi da 'yan sa-kai a Amurka a farkon shekarun 1970, an ga cewa in aka fara ba mutum baikabonet ya kashe tsamin cikinsa, adadin ƙwayoyin da ke iya sa shi ciwo yana raguwa sau dubbai. Don haka masu shan kanwa ko maganin olsa domin ƙwannafi suna da dalilin ƙara kula da abin da suke ci da sha a lokacin annoba.

Abinci ma haka ne. A ɓarkewar kwalara ta 1984 a Mali, cikin fari, masu bincike sun danganta wani ɓangare na yaɗuwar ciwon da kunun gero da ya kwana. A al'ada ana zuba masa nonon akuya mai tsami, amma fari ya sa nonon ya yi wuya, gwajin da aka yi kuma ya nuna tsamin nonon yana hana ƙwayar hayayyafa. A Gini Bisau, binciken da aka yi a annobar shekarun 1990 ya nuna matsa lemon tsami a miya yana rage haɗarin kamuwa.

Wannan darasi ya shafi ƙasar da fura da nono ke zaman abincin rana, wadda kuma satar shanu ta tarwatsa rugage da dama. Furar da aka dama da ruwa zalla ta yini a ƙwarya ba ɗaya take da wadda aka dama da nono mai tsami ba. Sai dai tsami kariya ce kawai, ba magani ba. Nonon da aka sirka da ruwan kududdufi, ko aka jefa masa ƙanƙarar da ba a san asalinta ba, ya rasa rabin amfaninsa.

Ruwan sha da kulorin

Ko maganin da ake sa wa ruwa yana ƙarƙashin wannan doka. Kulorin, na gari ne ko na ƙwaya irin Aquatabs, in ya shiga ruwa yana zama asid mai rauni da ke cikin daidaito da abokinsa alkali. Siffar asid ɗin ita ce mai kashe ƙwayoyin cuta da ƙarfi. Ɗayar ta fi ta rauni nesa ba kusa ba. Lissafin Henderson da Hasselbalch ne dai a nan ma, sai dai lambar tsakiya wajen 7.5 ce. A pH 6.5, kusan kashi 90 cikin 100 na kulorin yana siffa mai ƙarfi. A 7.5, rabi ne. A 8.5, bai kai kashi 10 ba.

Shi ya sa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce pH na ruwan ya kasance ƙasa da 8, kuma bayan minti 30 a tarar da saurar kulorin aƙalla miligiram 0.5 a lita. Ruwan rijiya yana ɗaukar halin dutsen da ya ratsa. Wanda ya bi ta farar ƙasa, irin ta Kalambaina da ake yin siminti da ita kusa da Sakkwato, yakan karkata zuwa alkali. Ba a gane wannan da ido ko da harshe, sai an auna, kuma na'urar awon ƙarama ce mai shiga aljihu. Gurɓataccen ruwa mai laka, irin na fadamun gulbin Rima da damina, yana cinye kulorin kafin ya yi aiki. Alif yana kwantar da lakar, amma ba ya kashe ƙwayar cuta. Jami'in da ya zuba garin kulorin a rijiya, aka ɗauke shi hoto ya tafi bai auna komai ba, bai san ko ya yi aiki ko bai yi ba.

Inda lissafi ya haɗu da kasafi

A 1971, lokacin yaƙin 'yancin Bangaladash, kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon a Indiya, ledojin ƙarin ruwa suka ƙare. Wani likitan yara, Dilip Mahalanabis, ya sa aka riƙa haɗa gishiri da baikabonet da gulukos a durom, dangin majinyata suna ba su da kofi. Mace-mace suka sauko daga kimanin kashi 30 cikin 100 zuwa 3.6. Abin da ya nuna shi ne, inda majinyaci ba zai iya isa asibiti ba, ana iya kai maganin inda yake, a danƙa shi hannun mutanen da ba likitoci ba.

Yanayin gabashin Sakkwato ya yi kama da wannan ta fuskoki da dama. Tun 2019 dubun-dubatar mutane daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallaka Jihar Maraɗi a Nijar, wasu suka cunkushe a garuruwan Isa da Sabon Birni, inda rijiya da masai ɗaya ke ɗaukar jama'ar da ba don su aka yi ba. Cuta ba ta san iyaka ba: annobar da ta tashi a Madarumfa a Yulin 2018 ta tuna wa ƙasashen biyu haka. A Satumban 2021, ana tsakiyar annobar waccan shekara, aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Sakkwato, har da Isa da Sabon Birni, saboda yaƙi da 'yan bindiga. Rahoton ɓullar cuta kuwa da waya yake tafiya. Alƙaluman hukuma suna ƙirga wanda ya isa asibiti ne ko aka kai labarinsa. Wanda aka binne a ƙauye da asuba ba lallai ya shiga lissafi ba.

Kuɗin wannan aiki yana da gurbi a doka. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, ta ware masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na dunƙulallen kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, da manufar a samu asibiti mai aiki a kowace mazaɓa. A ranar 11 ga Yulin 2024 kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Ke nan akwai waɗanda za a iya tambaya da suna da muƙami: kansila, shugaban ƙaramar hukuma, hukumar lafiya matakin farko ta jiha, hukumar samar da ruwa a karkara, da ɗan majalisar mazaɓa.

Tambayoyin ba sa buƙatar digiri. Ƙunshin ORS nawa ne a asibitin mazaɓar, kuma yaushe wa'adinsu zai ƙare? Akwai ƙwayar zinki da ake haɗa wa yara na kwana 10 zuwa 14? Ledojin da ke sito, na Ringer ne ko na gishiri zalla? Wa aka horar a ƙauyen da zai iya haɗa ruwan da dare, in ma'aikacin lafiya ya koma gari saboda tsaro? Yaushe aka auna pH da saurar kulorin a rijiyar da 'yan gudun hijira ke ɗiba, kuma ina takardar awon? Kwalara a arewacin Nijeriya ta fi tsananta da damina, lokacin da ambaliya ke haɗa masai da rijiya, ta kuma yanke hanyoyin fadama. Lokacin neman waɗannan amsoshi shi ne watannin Afrilu da Mayu, kafin ruwan farko ya sauka.